Ban Da Hanya Biyu

Ƙarfe ɗaya saura na dare a Aboabo.
Mai waƙe da shinkafa ta kife tukwanenta,
injin Kwabena mai walda ya yi shiru,
saura ni da fanka da baƙin allo
inda ɗan ɗigo ke ƙifta ido yana jirana.

Kawu Mutawakilu ya ce kafin Juma'a
shagon goronsa ya hau intanet.
Shagon kuwa yana can ƙurya, a ƙofa ta dubu uku,
ba ya son ido, ba ya jure hayaniya.
Sai an sa masa wani a gaba,
mai tsayuwa a ƙofa ta tamanin,
ya amsa sallama, ya shiga da saƙo,
ya fito da amsa
kamar daga bakinsa ta fito.

Na san aikin nan tun ban san kwamfuta ba.
Kakana Gariba dillali ne, zaure ne ofishinsa.
Fatake su sauka daga Yandi, daga Bauku,
ƙafa duk jar ƙasa,
ba wanda ya taɓa ganin ɗakin ajiya.
Faɗi huhu nawa kake so, ka zauna a tabarma,
Kaka zai shige, Kaka zai dawo.
Abu biyu ne ba ya kai su ciki:
mai ƙishirwa, ga randa nan bakin ƙofa,
mai duba takardar gwamnati kuma,
tana aljihun gaba, a ninke huɗu.

To, na rubuta wa sabar dokarta:
duk abin da ya zo, a miƙa shi ciki.
A ƙasa na ƙara layi biyu,
hanyar hotuna, da hanyar masu duba shaida,
kowace da alamar motsin rai a gindinta,
ma'ana: wannan kar a wuce da ita.
Na kashe, na kunna.

Shafi ya buɗe. Farashi ga shi a sidi.
Goro kuwa ko ɗaya babu,
sai ramuka masu kusurwa huɗu
da lamba ɗari huɗu da huɗu tana min gwalo.

Na cire sanda mai jirge, na mayar.
Na zargi harafi, na zargi wanda ya sayar min da na'ura a Adum.
Wuta ta ɗauke, na jona waya,
sauro ya sami gwiwar hannuna.
Shayi ya yi sanyi har ya yi fata.

Wajen ƙarfe uku na tuno Sha'aibu,
yaron da Kaka ya ɗauka shekarar da na shiga aji biyu.
Ranar farko bai ce masa «kai kowa ciki» ba.
Randa ya fara nuna masa, sannan aljihu.
Na tambaye shi dalili, ya ɓare goro ya ce,
yaro maganar farko yake riƙewa,
da ya ji ta ya ruga,
sauran kuma iska kake gaya wa.

Na ɗebi layukan nan biyu
na ɗora su bisa kan babbar doka.
Shi ke nan. Ko harafi ban sake ba.

Goro ya fito, fari da ja,
har da raɓar ganye a jikinsa.
Ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi ya rufe bakinsa.
Na miƙe, bayana ya yi ƙara.

Ana kiran assalatu mai saye na farko ya shigo,
huhu biyu, a kai tashar Tamale.
Na leƙa rajistar shago in ga daga ina.
Lambar zaure na gani.
Na duba gwajin jiya, na shekaranjiya,
kowane baƙo sunansa zaure.
Na mance ban ce ya shiga da sunan mai sallama ba.

Kaka, ko baƙo ya shekara goma bai zo ba,
zai kira shi da sunan ubansa.

Na ɗora ruwan shayi.
Na sake buɗe fayil ɗin.